In-ji-wa Mai Hatimi da Kuɗin Gadin Kwamfuta

A layin masu buga takardu, tsakanin shagon mai hoton fasfo da na mai ɗinke littattafai, akwai wata ƙofa da ba a taɓa buɗe ta duka ba. Rabi ake buɗewa, daidai yadda mutum ɗaya zai shiga a karkace. Nan ne shagon In-ji-wa mai hatimi. Maƙwabta ne suka laƙa masa sunan, don ko ce masa ka yi an ɗauke wuta sai ya tambaye ka in ji wa, alhali yana zaune a cikin duhun.

Ya shiga sana'ar tun ana sassaƙa hatimi da hannu: a zana rubutu a baibai a kan roba, a bi shi da tsinin aska harafi bayan harafi, har wuya ya ƙage, ido ya yi ruwa. Amma ba riƙon aska kaɗai ya koya ba. Ya koyi cewa cikin masu zuwa neman hatimi akwai waɗanda ba nasu suke nema ba. Mutum zai shigo da kwat da jakar hannu, yana ƙamshin turare, ya ce shi ne sabon sakataren asibiti kaza, tsohon hatiminsu ya faɗa ruwa. In-ji-wa sai ya ajiye aska, ya dubi takalminsa, ya dubi farcensa, ya ce a je a zo da wanda ya yi aiken. Da yawa ba sa dawowa. Wasu cikinsu na gaskiya ne, fushi kawai suka yi suka tafi wani shagon, amma wannan bai taɓa faɗo masa a rai ba. A wurinsa duk wanda bai dawo ba ɓarawo ne da Allah ya tona.

Halin bai tsaya a bakin shago ba, ya bi shi har gida. Idan aka kawo masa shayi da zaƙi fiye da na kullum, sai ya fara tunanin abin da za a roƙe shi. Matarsa, Allah ya ji ƙanta, takan ce da za ta gaya masa tana son sa, sai ya nemi ta kawo shaidu. Ba mugu ba ne, kar a ɗauke shi haka. Yana ciyar da wanda ya kamata ya ciyar, yana zuwa dubiya, sai dai ko a dubiyar ma yakan ɗaga kwalbar maganin marar lafiya ya karanta ranar lalacewarsa.

Abin da ya ɗaga shi a idon mutane magana ɗaya ce: hatiminsa ba shi da na biyu. Idan ya gama aiki, kafin mai shi ya fita, sai ya ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, ya jefa takardar zanen da takardar da aka gwada hatimin a kai, ya ƙyasta ashana, su tsaya tare har su zama toka. Da zamani ya juya ya sayi kwamfuta da injin da ke sassaƙa roba da wani siririn haske, bai bar wannan ɗabi'ar ba, ƙara mata ma ya yi. Yakan juyo da fuskar kwamfutar wajen mai aiki, ya nuna masa zanen, ya ɗora yatsa a kan maɓallin gogewa ya danna, zanen ya ɓace. “Ka gani da idonka?” Sai mutum ya ce ya gani, sannan a kunna ashana a ƙona takardar gwaji. Saboda wannan ne makarantu da asibitoci da ƙananan kamfanoni suke tsallake shaguna masu sanyi da kujerun zama, su zo su shiga ƙofarsa a karkace.

Wanda ya sayar masa da kwamfutar ya koya masa hanya guda: inda zai buɗe, inda zai zana, inda zai tura wa inji, inda zai goge. Daga baya 'yarsa ta ƙara masa yadda zai karɓi tambarin da ake aiko masa ta imel. A nan ya tsaya. Sauran ƙananan hotunan da ke jere a gefen allon bai taɓa kai musu hannu ba, don bai san wanda ya ajiye su ba, bai kuma san abin da suke nema ba. Kujerar gaban kwamfutar kuwa babu wanda ya isa ya zauna a kanta, ko da ƙanensa ne da suke aiki tare.

Wannan ƙanen, Auta, In-ji-wa ne ya raine shi bayan rasuwar mahaifinsu. Shi ya kai shi makaranta, shi ya cire shi da ya ga ba ta karɓe shi ba, ya zaunar da shi a bayan kantar shagon. Aikin Auta shi ne ya manna robar a jikin mariƙi, ya dangwala ta a tawada, ya gwada a takarda, ya miƙa takardar a ƙona. Mutum ne mai yawan dariya, hannunsa kullum shuɗi. Sun yi shekaru a haka, har ranar da shugabar wata makaranta ta shigo a fusace, ta shimfiɗa a kan kantar shagon takardar shaidar kammala karatu ta jabu, ɗauke da hatimin makarantarta. In-ji-wa ya ɗauko gilashin ƙara girma. Yana da wata 'yar alama da yake bari a da'irar kowane hatimi, tsaga siririya kamar gashi, wadda ba kowa zai lura da ita ba. Tana nan. Wato ba kwaikwayo aka yi da ido ba, daga aikinsa aka ɗauka.

Bai daɗe yana tunani ba. Zanen dai ya goge shi da hannunsa. Hatimin yana kulle a ofishin matar. Abin da ya rage takardar gwaji ce, ita kuwa ta hannun mutum ɗaya take bi. Auta ya yi gwaji biyu, ya miƙo ɗaya, ya soke ɗaya a aljihu. Haka In-ji-wa ya yanke. Auta ya rantse, ya yi kuka, ya kira sunan mahaifiyarsu. Yayan ya ce rantsuwa ba ta da wuyar yi, shi ma ya iya. Ya kore shi a gaban shugabar makarantar, don ta ga cewa a shagon nan ba a ɗaga wa kowa ƙafa. Ta gani kuwa, ta ci gaba da kawo aiki. Auta ya koma can ƙarshen gari ya kafa teburin yanka makullai, 'yan'uwan nan biyu kuma ba su sake gaisawa ba sai a gidan rasuwa, hannu a sanyaye. In-ji-wa ya ji zafin abin ƙwarai, sai dai ya ɗauka wannan zafin shi ne ya tabbatar da maganarsa. Idan wani ya tambaye shi ko da gaske babu na biyu, yakan ce, “Ɗan'uwana na rabu da shi a kan wannan.”

Ana nan, wata safiya ya kunna kwamfuta, sai wani shuɗin allo ya rufe masa zanen da zai fara. Saƙo ne daga kamfanin da ya ƙera babbar manhajar da kwamfutar ke tafiya a kanta, kuma cikin ladabi aka rubuta shi. An ce manhajar ta tsufa, nan gaba kaɗan za su daina kula da tsaronta. Mai son a ci gaba da aiko masa da kariya sai ya biya shekara-shekara, ko kuma ya koma sabuwa. In-ji-wa ya bi kowane layi da yatsa. Ladabin ne ya fi tayar masa da hankali. Ya tashi ya leƙa waje ko akwai mai kallon shagon, ya dawo ya zare wayar intanet daga bango.

Da yamma ya kira 'yarsa. A kantin magani take aiki, amma shi Lauya yake ce mata tun tana ƙarama, don ba ta taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba.

“Baba, ai gaskiya ne,” ta ce bayan ta duba. “Mu ma a wurin aiki ya fito mana. Kowa ya samu.”

“Mura ma kowa yana samu.”

“To me kake zargi?”

“Ki saurara. Na sayi ƙofa, na biya. Shekara da shekaru, sai kafintan ya aiko a ce min ƙofar da ya yi tana da ramuka, ɓarayi suna hanya, in riƙa ba shi wani abu duk shekara yana toshewa. Wa ya san inda ramukan suke?”

“Shi.”

“Wa ya gaya masa ɓarayi suna hanya, har ya san ranar zuwansu?”

“Ba ranar zuwansu ba ce, Baba, ranar da zai daina gadi ce.”

“Maigadin da ya shelanta wa gari ranar da zai daina gadi, ke a ganinki da wa yake magana? Da ni, ko da su?”

Lauya ta ce ko ma da wa yake magana, ranar tana zuwa, kuma bayan ta wuce duk wanda ya iya zai shigo kwamfutar ta intanet ya ga abin da ke ciki.

“Ya shigo mana,” in ji In-ji-wa. “Zai tarar da ɗaki a share. Ba na kwana da zanen kowa.”

Duk da haka bai mayar da wayar ba. Ya zauna yana juya maganar, yana neman fuskar da zai ɗora wa saƙon, don shi bai saba da maƙiyin da ba shi da takalmi da farce ba. Ya fara da mai hoton fasfo, wanda kwanan nan ya soma sayar da kwamfutoci na hannu, kuma ya yi masa gaisuwa har sau biyu a yini ɗaya. Ya koma kan Lauya, wadda ta daɗe tana cewa kwamfutar ta fi ta tsufa. Har Auta ya faɗo masa a rai, don ya ji an ce babban ɗansa yana karatun kwamfuta. Wannan tunanin ya fi sauran zama, ya kwana da shi ya tashi da shi.

Amma aiki ba ya jiran mutum ya gama zargi. Masu aiko da tambari ta imel suka fara kira, ya ce su kawo da ƙafa, wasu suka kawo, wasu suka ce ba su da wannan lokacin. Sayen sabuwar kwamfuta kuma bai taso ba, don injin sassaƙar ba ya jin yaren sabuwar manhaja, kamfanin da ya ƙera shi ma ya daɗe da rufewa. Da ma'ajin wani asibiti da ya fi kowa kawo aiki ya ce zai nemi wani wurin, In-ji-wa ya sauko, amma da sharuɗɗa. Mutum mai fuska ne zai zo ya yi aikin, a gabansa, ya faɗi abin da zai danna kafin ya danna. Lauya za ta tsaya shaida. Da katinta za a biya, don kada waɗancan mutanen su san lambar nasa.

“Tawa lambar ba komai in sun sani ke nan?” ta ce.

“Ke ce kika ce mutanen kirki ne.”

Ta zo da wani da ake ce wa Injiniya, kakkauran mutum mai 'yar jakar goyo da ta yi masa kaɗan, mai surutu kamar an kunna shi. Ƙofar ta ba shi wahala. Kafin ya gama sallama In-ji-wa ya sa ya zazzage aljihunsa a kan kanta: makullai, alewa, ƙananan sukundireba, da 'yan filas na kwafar bayanan kwamfuta. Wayarsa aka kifa ta, aka ɗora mata gwangwanin madara. Kujerar dai bai samu ba, an ba shi wani ɗan benci da rabinsa kawai ya ɗauka.

“Abin ba wuya, Malam,” ya ce yana share gumi. “Kamar facin taya ne. Duk wata in sun gano huji sai su aiko da faci. Da kyauta suke yi, yanzu sun ce tayar ta tsufa, mai son faci ya biya.”

“Wa ke huda tayar?”

“Titi, Malam.”

“Wa ke zuba ƙusa a titin?”

Injiniya ya dubi Lauya, ta ɗaga masa kafaɗa. Ya mayar da wayar intanet, ya fara aiki yana faɗin kowane dannawa da ƙarfi kamar mai karanta wa yara darasi. Can ya tsaya ya tsuke baki.

“Wuri ya yi kaɗan. Kafin su karɓe ka sai faci na baya sun sauka, ga shi ba su da wurin zama. Sai an rage kaya.”

“Wane kaya? Ba na ajiye komai.”

“Kowa haka yake cewa. Bari mu zubar da shara tukuna.”

“Tsaya. Me za ka danna?”

Injiniya ya nuna wani ɗan hoto a kusurwar sama, kwando ne cike da dunƙulallun takardu. In-ji-wa ya san shi. Tun ranar da aka kawo kwamfutar yake ganin sa a wurin, ya ɗauka ado ne ko tallan wani abu, bai kuma taɓa ba shi fuska ba.

“Buɗe in gani kafin ka zubar,” ya ce. Da wani ne da ya bari an zubar an wuce wurin, ya mutu bai sani ba. Shi kuwa ba a fitar da komai daga shagonsa bai leƙa ba.

Allon ya cika da ƙananan da'irori, layi bayan layi. Injiniya ya ja ƙasa, suka ci gaba da tahowa. In-ji-wa ya matso da fuska har hancinsa ya kusa taɓa gilashi. Ga na asibitin ma'ajin nan. Ga na wata ƙungiyar direbobi da ta watse tuntuni. Ga na wani likitan haƙori da ya rasu.

“Mene ne wannan?”

“Abin da ka goge ne, Malam. Gogewa ba ta kashe abu, nan take kawo shi ya jira. Ka ga, in na danna nan sai ya koma inda ya fito.” Ya danna ɗaya. Hatimin wani ɗakin shan magani ya buɗe ya cika allo, lafiyarsa lau, da 'yar tsagarsa a jikin da'ira.

“Kai ka zo da su,” in ji In-ji-wa.

Injiniya bai yi fushi ba. Ya nuna kayan aljihunsa da ke zube a kan kanta, ya nuna wayarsa a ƙarƙashin gwangwani, sannan ya nuna ranakun da ke rubuce a gefen kowane zane. In-ji-wa ya karɓi maus ɗin, wato linzamin kwamfutar, da kansa ya ci gaba da ja. Duk mutumin da ya taɓa juya wa fuskar kwamfuta ya ce masa ka gani da idonka, yana nan a jere. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba, har ya ji rigarsa ta yi masa nauyi. Can ƙasa ya tarar da na makarantar nan, ya saki maus ɗin.

Lauya ce ta faɗa, a hankali. “Baba, shekarar da tsawa ta ƙona ta...”

“Na sani.”

Ya riga ta isa wurin. A shekarar, wata tsawa ta ƙona wani abu a cikin kwamfutar, aka kai ta wani shagon gyara mai hannaye da yawa, ta yi kwanaki a can. Shi da ba ya barin a ɗauki almakashinsa bai bi da ido ba, ranar ko rakiya bai yi mata ba. Ya tuna har abin da ya ce wa mai ɗaukar kayan: su buɗe ta su kwana a ciki in sun so, babu komai. Ba a jima da dawo da ita ba shugabar makarantar ta shigo da takardar jabu. Shagon gyaran kuwa ya daɗe da tashi, wurin ma yanzu ana sayar da katifu.

“Wanda ya gyara ta zai iya ɗauka daga nan?” ya tambayi Injiniya.

“Kafin ka kurɓi shayi ya gama.”

“Za ka iya gane ko an ɗauka?”

“A'a, Malam. Yanzu kam babu mai iya gaya maka. Zai yiwu daga can ne, zai yiwu ta intanet ne, zai yiwu ba ta nan ba ne sam.” Ya ga yadda fuskar tsohon ta koma, sai ya ƙara da cewa, “Ni dai ban ga komai ba.”

“Ka gani. Kada ka fara min da ƙarya.”

Aka zubar da kwandon. Injiniya ya ce ko an zubar gwani yana iya tono wasu, don haka ya bi wurin da wata manhaja mai murƙushe abin da aka goge, In-ji-wa yana tsaye a kansa har ta gama. Da aka zo biyan kuɗin kariyar bai ce uffan ba. Bai tambayi wanda zai karɓa ba, bai tambayi abin da za a yi baɗi ba. Wannan shirun ya fi ba Lauya tsoro fiye da duk faɗan da ya taɓa yi.

Kwanakin da suka biyo baya ya ci gaba da aiki. Ya koyi zubar da kwando, ya koyi murƙushewa. Amma idan ya juya wa mutum fuskar kwamfuta sai maganar ta maƙale, ya danna kawai ya kunna ashana. Wani sabon mai aiki ya tambaye shi ko da gaske babu na biyu, In-ji-wa ya buɗe baki zai kawo zancen ɗan'uwansa kamar yadda ya saba, ya ji ba zai iya ba.

“Ka je wurin Baffa Auta,” Lauya ta ce masa.

“Ba a tabbatar daga shagon gyaran aka ɗauka ba.”

“Ranar da ka kore shi an tabbatar?”

Washegari da hantsi ya ja ƙofar shagon ya kulle, abin da ya sa mai ɗinke littattafai ya fito yana tambaya ko lafiya.

Teburin Auta yana ƙarƙashin matattakalar wani bene, kusa da tashar mota. Makullai marasa haƙora suna rataye a waya, garin tagulla ya rufe teburin. Auta ya yi furfura, ya rame, dariyar nan babu ita. Da ya ɗaga kai ya ga mai zuwa, sai ya kashe injin yankan, ya tattara makullan mutane da ke gabansa ya zuba a aljihun tebur ya tura.

“Yaya. Wa ya rasu?”

“Babu wanda ya rasu.”

Auta ya jawo masa wani bokitin fenti da aka kifa. In-ji-wa ya zauna ya ba da labarin a tsare, kamar mai ba da shaida: saƙon kamfani, kuɗin kariya, Injiniya, kwandon, tsawa, shagon gyara. Bai rage komai ba, har da cewa ba za a iya tabbatarwa ba. Auta yana saurare yana goge wani makulli da zarto, bai dube shi ba.

“Wannan Injiniyan,” ya ce da aka gama, “ka daɗe da sanin sa?”

“Ranar na fara ganin sa.”

“Ka san gidansu?”

“A'a.”

“Ya danna abu ɗaya ka yarda. Ni da ka yi wa wanka da hannunka, na kira maka sunan mahaifiyarmu, ka ce kai ma ka iya.”

“Shi ya nuna min na gani, Auta.”

“Ni ba ni da abin nunawa, Yaya. Wanda bai ɗauka ba me zai nuna?” Ya hure garin da ke jikin makullin. “Ka san me ya sa makulli nake yankawa ba hatimi ba? Babu shagon da ya yarda ya ɗauke ni. Duk inda na je sai a ce In-ji-wa da kansa ya kore shi, yayansa ciki ɗaya. Maganarka tana da nauyi a garin nan, ni na fi kowa sani. Yarana sun taso ana nuna su a makaranta.”

In-ji-wa ya sunkuyar da kai. Yana son ƙanen nan nasa, bai taɓa daina son sa ba, kuma yanzu da yake zaune a kan bokitin fenti yana jin warin hayaƙin mota, son ya taso masa sabo.

“Ban zo da komai ba sai neman gafara,” ya ce.

“Gafara ba ta da wuya, zan ba ka. Amma ka amsa min abu ɗaya. Ka ce Injiniyan bai sani ba. Ba shi nake tambaya ba, kai nake tambaya. A ranka, yau, na soke takardar nan a aljihu ko ban soke ba?”

In-ji-wa da amsarsa ya fito daga shago. Ya maimaita ta a cikin mota, kalma huɗu ce kawai, ba ta da nauyi. Ya buɗe baki, sai ya yi abin da ya saba yi da kowace magana kafin ya sake ta: ya leƙa ya ga ko gaskiya ce. Yana leƙawa ya tarar da zargin a can ƙasan zuciyarsa, ɗan ƙarami, yana zaune daram. Kwando ya cika, gaskiya ne. Amma cikar kwando ba ta nuna aljihu wayam yake ba. Duka biyun suna iya faruwa. Ya tsani tunanin, ya so ya danne shi ya faɗi abin da ya zo faɗa, don babu mai ganin cikinsa. Auta kuwa ya ajiye zarto yana duban sa, a karon farko tun zuwansa, kuma a idonsa akwai fata.

“Ban sani ba, Auta,” ya ce.

Auta ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda likita ya gaya wa abin da ya riga ya ji a jikinsa.

“Na gode da ba ka yi min ƙarya ba. Na yafe maka korar.” Ya jawo aljihun tebur, ya zaro makulli ɗaya, ya mayar ya rufe sauran. “Ranar da ka sani ka dawo, ina nan.”

Ya kunna injin, ƙarar yankan ƙarfe ta cika ƙarƙashin matattakalar. In-ji-wa ya miƙe, amma bai tafi ba, ya tsaya a gefen teburin yana kallon garin tagulla yana zuba a kan yatsun ƙanensa. Wata mata ta iso da kwaɗon ƙofa a hannu, ta dube shi, ta dubi Auta.

“Baba, kana kan layi ne?”

Ya ce a'a, ya matsa ya ba ta wuri.